Ƙwaƙwalwa Ma Tana Buƙatar Ɗan Poli

'Yan uwana ɗalibai, duk wanda ya gama ajin ND na biyu a sashen lantarki ya taɓa haɗa ɗan ƙaramin da'ira mai kunna fitila tana kashe kanta a kai a kai. Muna yin sa don maki, mu kwance wayoyin, mu manta. Ni kuwa ina ganin wannan ɗan aikin shi ne harafin farko na ɗaya daga cikin manyan hanyoyin jinyar cutar makyarkyata a duniyar yau, kuma mu 'yan kwalejin kimiyya da fasaha muna da rabo a ciki wanda muka bar shi a kwance.

Bari in fara da cutar. A 1817 wani likita a Landan, James Parkinson, ya bayyana ciwon da yanzu ake kira da sunansa: hannu na rawa ko mutum yana zaune bai taɓa komai ba, jiki ya sandare, tafiya ta koma ƙananan taku, fuska ta daskare. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dopamin a can tsakiyar ƙwaƙwalwa suna mutuwa a hankali, saƙon motsi ya riƙa fita a hargitse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum fiye da miliyan 8.5 ke ɗauke da ita. Ita ce ta kama Muhammad Ali, wanda duniya ta ga hannunsa na karkarwa lokacin da ya kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996. A unguwanninmu kuwa, idan dattijo ya fara zubar da koko daga ludayi, sai a ce tsufa ne, ko iska, ko jifa aka yi masa.

Maganin farko ƙwaya ce, lebodopa, wadda aka fara amfani da ita sosai a ƙarshen shekarun 1960. Tana aiki ƙwarai. Amma bayan wasu shekaru ƙarfinta kan riƙa yankewa kafin lokacin shan na gaba, wani lokaci kuma ta jawo motsin da mutum ba shi ya sa kansa ba. A nan ne lantarki ya shigo. A 1987, a birnin Grenoble na Faransa, likitan tiyata Alim-Louis Benabid ya lura cewa idan ya tura bugun lantarki mai sauri, sama da sau 100 a sakan, zuwa wani gurbi a cikin ƙwaƙwalwa, rawar hannu na tsayawa cak. Ya kashe, ta dawo. Kafin nan ƙona gurbin ake yi, kuma abin da aka ƙona ba ya dawowa. Amurka ta amince da hanyar a 1997 don karkarwa, sannan a 2002 don cutar Parkinson. A 2014 aka ba Benabid da Mahlon DeLong lambar yabo ta Lasker saboda wannan aiki.

To ku dubi kayan da kansu. Siririyar waya ce da ake dasawa cikin ƙwaƙwalwa, da wata wayar da ke bi ƙarƙashin fata ta bayan kunne ta sauko wuya, sai ɗan akwati mai batir a ƙirji, ƙasa da ƙashin wuya. Akwatin yakan fitar da bugu wajen sau 130 a sakan, kowane bugu tsawonsa kamar kashi 60 cikin miliyan na sakan, ƙarfinsa kuma bolt biyu ko uku. Ku kwatanta da wutar gida mai bolt 230 da juyi 50 a sakan. Yawan bugu, faɗin bugu, ƙarfin bugu: wallahi waɗannan ukun ne muke karantawa a fuskar osiloskop duk mako.

Abin ya ma wuce nan. An gano cewa idan alamomin cutar suka tsananta, wani kaɗawa mai juyi 13 zuwa 30 a sakan, wanda ake kira beta, yana ƙaruwa a gurbin. A 2013 masu bincike a Oxford suka nuna ana iya sa na'urar ta saurari wannan sigina, ta ƙara wuta idan ya tashi, ta rage idan ya kwanta. In kiɗa ya canza, rawa ta canza. A Fabrairun 2025 Amurka ta amince da irin wannan tsari na kamfanin Medtronic. Siginar da ake saurare ba ta wuce 'yan kaso cikin miliyan na bolt ba, dole a ƙara mata ƙarfi, a tace ta daga hayaniya. Wanda ya fahimci darasin tacewa da na tsarin da ke gyara kansa ya riga ya fahimci rabin labarin.

Ga inda nake so mu tsaya mu yi tunani. Tiyata kwana ɗaya ce, kulawa kuwa ta tsawon rai ce. Bayan an dasa, ana ɗaukar watanni ana saitawa, cutar kuma tana ci gaba, saiti na buƙatar sabuntawa. Batirin da ba a caji yakan ƙare cikin shekara uku zuwa biyar, sai an sake ɗan yanka a canja. Mai caji yana iya kaiwa shekara 15, amma yana son wuta a kai a kai, mu kuwa mun san halin wutarmu. Idan na'urar ta mutu ba shiri, alamomi na iya dawowa da ƙarfin da zai kai mutum gadon asibiti. Yanzu a ce iyali sun sayar da gona sun kai mahaifinsu Indiya an dasa masa, ya dawo Gusau ko Azare. Waya ta tsinke a wuya, ko caja ta lalace. Wa zai auna ya gano inda matsalar take? Likitocin jijiya a ƙasar nan ƙalilan ne, suna manyan birane, layin marasa lafiya ya yi musu yawa. Suna buƙatar ƙwararren ma'aikacin fasaha a gefensu, kuma ba daga sama zai faɗo ba.

Na san abin da wani zai ce: "Kai malam, mutanen da kuɗin ƙwayar wata ɗaya ke gagararsu kake wa zancen waya a ƙwaƙwalwa?" Gaskiya ne, kuma ina tare da shi a kan cewa gano cutar da wuri, da wadatar lebodopa cikin sauƙin farashi, da motsa jiki, su ne a gaba. Dashen ba na kowa ba ne. Ya fi amfanar wanda ƙwaya ke yi masa aiki amma take yankewa. Ba ya warkar da cutar, ba ya hana ta ci gaba, yawanci ba ya gyara mantuwa ko yawan faɗuwa, kuma akwai haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Amma ai hannun da zai iya kula da wannan na'ura shi ne zai tayar da injin auna siginar ƙwaƙwalwa na masu farfaɗiya, da na auna bugun zuciya, da sauran injinan da ke jibge a asibitoci an lulluɓe su da zane saboda wani ɗan ƙaramin abu ya ƙone. Horon ɗaya ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma don Allah mu rage ruɗuwa da labaran intanet. Tun da kamfanin Neuralink ya dasa na'urarsa a jikin mutum na farko a Janairun 2024, ake ta yawo da zancen wai za a riƙa sarrafa tunanin mutane. Wancan aiki ne na gwaji, don shanyayye ya motsa alamar kwamfuta da niyyarsa. Wanda nake magana a kai ya haura shekara 30 yana mayar wa mutane ikon riƙe cokali da ɗaure maɓallin riga, ba tare da hayaniya ba.

Buƙatuna uku ne, kuma duk ba su fi ƙarfinmu ba. Na ɗaya, ƙungiyar ɗalibai ta nemi hukumar makaranta ta ƙulla yarjejeniya da asibitin koyarwa mafi kusa, a riƙa tura 'yan lantarki da 'yan kwamfuta SIWES a sashen gyaran na'urorinsu. Na biyu, 'yan HND su daina maimaita aikin ƙarshe na ƙararrawar ɓarawo da fitilar kan titi. Firikwensin motsi irin na cikin wayar salula, haɗe da allon Arduino, zai iya auna karkarwar Parkinson, wadda ke kaiwa da komowa sau 4 zuwa 6 a sakan, ya adana wa likita bayanin mako guda. Wannan aunawa ce daga waje. Kada wani ya kuskura ya jona wa ɗan Adam wuta a kai da sunan gwaji. Na uku, idan mun je hutu muka ga dattijo hannunsa na rawa, mu ce a kai shi asibiti, mu raka shi in da hali.

Kullum muna kukan an fifita digiri a kan HND, kuma kukan na da dalili. Amma hanya mafi ƙarfi ta amsa wannan raini ita ce mu riƙe wani aikin da asibiti ba zai iya tafiya ba sai da mu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya ba mu himmar koyon abin da zai amfane su.