Magana a Kan Yara da Gilashin Waya

Ga wani al'amari da ya kamata mu duba.

A watan Nuwamba na 2024 majalisar ƙasar Ostareliya ta kafa doka, ta kuwa fara aiki ran 10 ga Disamba 2025, wadda ta hana yaron da bai cika shekara 16 ba ya mallaki shafi a Facebook ko TikTok da ire-irensu. Abin lura shi ne, ba yaron a ke hukuntawa ba, ba kuwa ubansa ba. Kamfanin a ke ci tara, har kusan dala miliyan 50 na kuɗin ƙasar, in ya yi sakaci da tsaron ƙofarsa.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa gane dalili. Waɗannan kamfanoni talla su ke sayarwa, gwargwadon daɗewar ido a kan gilashi gwargwadon ribarsu. Don haka aka shirya abin ba shi da iyaka, hoto na wucewa wani na biye da shi. Allo a kan wanke shi, littafi yana da warƙar ƙarshe, amma wannan babu inda zai ce maka tashi.

Ɓarna ta fari ga barci ta ke. Likitoci sun ce hasken gilashi da dare yana jinkirta zuwan barci, alhali ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10. Mu masu makarantar allo mun gani da idonmu. Yaron da ya raba dare yana latsa waya, da asuba sai gyangyaɗi, abin da ya haddace jiya ya zube. Hadda kuwa ba ta zama sai da maimaici da natsuwa, zuciyar da ta saba da tsalle daga hoto zuwa hoto da wuya ta tsaya a kan aya guda.

Game da ƙanana, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2019 cewa kada a zaunar da wanda bai kai shekara 2 ba gaban gilashi, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa guda a yini. Yaro a bakin mutane ya ke koyon magana, wanda aka miƙa wa waya don ya yi shiru, lalle zai yi shirun.

Ban ce waya duk sharri ce ba, da ita a ke jin farashin kaya, da ita ɗalibi ke sauraron ƙira'a. Masana ma sun yi saɓani, shin waya ke kawo wa samari ƙuncin zuciya, ko kuwa mai ƙunci ne ke fakewa da ita.

Sai dai dokar Ostareliya da wuya ta ci a nan, domin yaranmu sau da yawa da wayar uwa ko ta wa su ke shiga, kuma ƙarya a kan shekaru ba ta da wuya. Mai sayen waya da kati shi ke riƙe da ƙofa. Ni dai a makarantata in an yi magariba na kan karɓe wayoyi, ba na mayarwa sai an tashi karatun safe.