Wannan munsharin fa ba na barci ba ne

Ɗan uwa, ka taɓa ganin abokinka ya kwankwaɗi kodin ko tiramol ya ɓingire yana munshari, kuka ce "ku ƙyale shi, barci ne"? To, wani lokacin numfashinsa ne ke gazawa.

Likitoci sun kasa gazawar numfashi gida biyu. Ta farko, iskar oksijin ce ke ƙaranci a jini, kamar yadda nimoniya ke jawowa. Ta biyu kuwa, gurɓatacciyar iskar da ya kamata mutum ya fitar ce ke taruwa a jiki, saboda numfashin ya yi rauni. Aikin kodin ke nan: yana danne ɓangaren ƙwaƙwalwa mai sa ka ja numfashi ko kana barci.

A 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC. Amma leƙa majalisar unguwarku da daddare ka gani, ya ɓace? An yi ta kamen kwalabe, ceton wanda ya riga ya sha kuwa ba kasafai ake koya mana ba.

Idan ka ga leɓensa ya yi toka-toka, numfashi sai jifa-jifa, ka jijjiga shi bai farka ba, don Allah kada ka ɗura masa madara ko manja, shaƙewa zai yi. Kwantar da shi ta gefe, ka ɗaga haɓarsa, a garzaya asibiti, inda za a sa masa oksijin, a yi masa allurar naloxone mai karya ƙarfin ƙwayar. Kuma ka faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha, ko da Babansa na tsaye a wurin.