A'a Malam, Wannan Keken Ba Na Ɗan Koyo Ba Ne

Na karanta shawarar da ka bai wa matasanmu cewa mai koyon keke ya sayi irin wanda fedarsa ke haɗe da tayar baya, wai don ya fi araha kuma ba ya yawan lalacewa. Malam, ban yarda ba.

A irin wannan keke, muddin taya na juyawa feda ma na juyawa, ƙafa ba ta samun hutu ko a gangara. Asalinsa na filin tsere ne mai santsi, wasu ma ba birki ake sayar da su. To ka ɗora yaro a kai a rairayin Kaugama, siririyar taya ta nutse, ga akuya ta gitta, ya manta, sai ya tsayar da ƙafa. Feda za ta cilla shi ƙasa.

Wa zai ɗaura masa buhun shinkafa daga fadama zuwa Malam Madori, bayan ko kariya ba shi da ita?

Iyaye, ku nemi Phoenix ko Hero, ko da na hannu ne, mai birki biyu da faffaɗar taya. Masu gyaran keke a Haɗeja suna da kayansa.