ZAUREN SHAWARA: A Mayar Da Allura Ajin Sakandare

 A wannan wata za mu tattauna ne a kan wani al'amari da wasu za su ga kamar ƙarami ne, wato koya wa 'ya'yanmu na makarantun sakandare, ko sanawi kamar yadda muke faɗa a nan, ɗinki da saƙa da zayyanar tufafi. Abin da ya sa muka ɗauko zancen kuwa shi ne, tun daga shekarar 2025 makarantun Jazira suka soma komawa aiki bayan doguwar rufewar da yaƙi ya jawo, kuma lokacin da ake sake jera kujeru a aji shi ne lokacin da ya dace iyaye su tambayi abin da za a koyar a cikinsa.

Duk wanda zai yi wannan magana a ƙasar nan, dole ya fara ta daga Rufa'a. A nan ne, a gabashin kogin Nil Azrak, Shaihu Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a cikin gidansa a shekarar 1907, da yara 17, tara na gidansa, takwas na maƙwabta. A wancan zamani mutane da yawa suna ganin sa 'ya mace a makaranta abin kunya ne, hukumar Turawa ma ba ta yi ɗokin abin ba, ta bar masa nauyin a wuyansa. Tare da karatu da rubutu da lissafi, aikin allura yana cikin abin da ake koya wa yaran, kuma babu shakka ganin abin da hannun yarinya ya ɗinka ya taimaka wajen kwantar da hankalin iyaye. Daga wannan ɗan ƙaramin aji ne aka samu tushen makarantun Ahfad, har ɗansa Yusuf Badri ya kafa kwalejin mata a Umdurman a 1966, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1995. Ashe ke nan tun ranar farko allura da alƙalami tare suka shiga aji a garin nan, kuma allurar ba ta hana jikokin waɗancan yara zama likitoci da malaman jami'a ba.

Mu kuma Hausawa muna da namu gadon a wannan fanni, wanda ya girmi makarantar boko nesa ba kusa ba. Lokacin da Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa arzikin birnin a kan tufafi yake, ya kuma ƙiyasta cewa abin da ake kaiwa Tumbuktu kaɗai ya kai kayan raƙumi 300 a shekara. Aikin kuwa sarƙa ce mai tsawo, kowa da inda yake riƙe. Mata su gurje auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙa su saƙa ƙyalle siriri, a haɗa shi ya zama fari ko saƙi ko gwado. Marina su tsoma shi cikin baba, kamar yadda ake yi a Ƙofar Mata, mabuga su buge shi har ya yi ƙyalli, sa'an nan maɗinka su zauna a zaure su yi wa babbar riga aska biyu ko aska takwas. Da yawa daga cikin waɗannan maɗinka malamai ne da almajirai, da allurar suke ciyar da kansu suna karatu. Kakanninmu da suka biyo hanyar gabas, ko don aikin hajji ko a hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kai ga kafa Mai Wurno kusa da Sinnar, sun zo da wannan ilimi a hannunsu da kansu.

To, amma sai me ya faru? Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, sai aka buƙaci hannuwa masu yawa, mutanenmu kuwa suna cikin waɗanda suka cika hawashoshi suna shuka, suna noma, suna tsinkar auduga. Audugar nan mai dogon gashi a ɗaure ta, a sa ta a jirgin ƙasa zuwa Bur Sudan, daga nan sai masaƙun Lankasha a Ingila, ta dawo mana a matsayin yadi mu saya da tsada. Ko da 'yan Sin suka gina masaƙar Sadaka a Hasahisa, tsallaken kogi daga Rufa'a, a shekarun 1970, rabon yawancinmu bai wuce gona ba. A taƙaice, jama'ar da ta taɓa riƙe sarƙar tun daga gurza har zuwa wuyan riga, sai ta koma riƙe da bakinta na farko kawai, wanda ya fi wahala, ya kuma fi ƙarancin riba.

Wannan tarihi ne ya sa idan aka ce a koya wa yaro ɗinki a sakandare, wasu iyaye sukan ɗaure fuska, kuma ya kamata a saurare su. Uba zai ce, mun sha wuya kafin 'ya'yanmu su sami kujera a makaranta, mun gaji da a riƙa kallonmu a matsayin masu aikin ƙarfi kawai, yanzu da yarinya ta kai matakin Shahadar Sudan sai a ce ta koma kan keken ɗinki? Maganarsa tana da tushe. Idan nufin shi ne a ware 'ya'yan talakawa da 'ya'yan kanabi a ce su allura ce rabonsu, sauran kuma su tafi jami'a, to mu ne farkon masu ƙin yarda. Abin da muke kira gare shi dabam ne. Yaro ya ci gaba da lissafinsa da Larabcinsa da kimiyyarsa, ya zauna jarrabawarsa kamar kowa, a ƙara masa da awa biyu ko uku a mako yana koyon sana'ar tun daga awo har zuwa sa farashi. Wanda ya iya zayyana da yanka da lissafin riba shi ne mai shago, shi ke ɗaukar wasu aiki, kuma wannan matsayi ne muke so 'ya'yanmu su hau.

Ƙofar ma a buɗe take a cikin tsarin karatun ƙasar. Akwai darasin Ulum Usariyya, wato ilimin kula da iyali, akwai kuma Funun wa Tasmim, wato zane da zayyana, dukansu ana zaunawa jarrabawarsu a Shahada. A ɓangaren makarantun fasaha kuma akwai sashen da ake kira niswi, na sana'o'in mata. Matsalar ita ce a makarantu da yawa, musamman na ƙauyuka, a kan allo ake yin ɗinkin. Malama ta zana almakashi da alli, yara su kwafa a littafi, su haddace sunayen ɗinki iri iri, su ci jarrabawa, alhali ba wadda ta taɓa taka keke. Yara maza kuwa sukan guje wa abin gaba ɗaya wai na mata ne, sun manta cewa tarzin da ke ɗinka musu jallabiyar salla namiji ne, kakansu ma da ya yi suna wajen ɗinkin hula namiji ne.

Ga yadda muke ganin za a iya raba aikin cikin shekaru uku na sakandare. A shekarar farko hannu kawai za a horar: zura zare, kalmasa, sa maɓalli, yin banki a inda ya yage, da riƙe tef a auna mutum a rubuta awon daidai. Kada a raina banki. Jibbar Ansar ta zamanin Mahadi da faci ta fara, alamar talauci da gudun duniya, amma kafin ƙarshen zamanin Halifa facin nan ya zama ado mai tsari da launi, har ana ajiye irin waɗannan riguna a gidajen tarihi na Ingila. A shekara ta biyu sai a hau keke, a koyi yanka a kan takarda kafin a taɓa yadi, a ɗinka arragi da wando da rigar makaranta. A nan ne yaro zai gane amfanin lissafin da yake gudu, domin wanda bai san rabi da rubu'i da kusurwa ba, hannun riga ba zai zauna masa ba, yadin mutane kuma zai ɓata. A shekara ta uku sai zayyana da ado da kasuwanci: yadda ake haɗa launi, yadda ake zana fure ko aska a kan yadi kafin a bi da zare, da yadda ake lissafa kuɗin yadi da zare da kwanakin aiki kafin a faɗa wa mai kaya farashi. Da yawa daga cikin matanmu masu ɗinki a gida sun ƙware a aikin, amma a wannan lissafi na ƙarshe ake cutarsu.

Zancen zayyana yana buƙatar a ɗan tsaya a kansa, domin a nan kuɗin yake. Dubi tob, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita huɗu da rabi. Yadin kansa daga waje ake kawo shi, mai tsadar daga Suwizalan, amma abin da ke ɗaga darajarsa a idon mata shi ne adon da aka yi masa da sunan da aka raɗa masa. A shekarun baya matan birni sun yi yayin tob mai suna Khartum da Dare, da Alƙalamin Gidan Waya, da Haƙarƙarin Likita, har da Kumbon Rasha. Wato mata suna sayen labari ne tare da yadi. To, mu da muke da taskar zane irin su aska da tambari da adon hula iri iri, me zai hana yarinyar da ta tashi a ƙauyukanmu ta ɗauki ɗaya daga ciki ta sauya shi, ta ɗora a gefen tob ko a wuyan jallabiya, ta raɗa masa suna? Agashe da godogodo daga hannun mutanenmu suka fito, yau ga su duk Sudan tana ci tana sha. Abin da ya yiwu ga abinci zai yiwu ga tufafi. A birnin Zariya ma, aikin hannu na manyan riguna da a da maza ne ke yinsa, mata sun karɓi babban kaso daga ciki suna yi a cikin gidajensu, suna samun na kashewa da na kayan ɗakin 'ya'yansu.

Sai tambayar wa zai koyar, kuma da me. Malamar makaranta ta san tsarin darasi, amma sau da yawa sirrin aikin yana hannun tsofaffinmu, kuma da tsohuwar zuma ake magani. A kusan kowane ƙauye za a sami dattijo mai ɗinkin hula ko tsohuwa da ta iya kaɗi, idonsu yana raguwa, ba kuma wanda ya zauna ya karɓa. Majalisar iyaye ta makaranta tana iya neman izinin shugaban makaranta a gayyato irin waɗannan bayin Allah sau ɗaya a mako, a ba su ɗan abin goro, su nuna wa yara da hannu, malama kuma ta rubuta sunayen zane da matakan aikin da Hausa da Larabci don kada su ɓace. Game da kayan aiki kuwa, keken ƙafa irin Singer ko Butterfly ba ya jiran wutar lantarki, kuma makanikin kasuwa yana gyara shi. Keke biyar sun isa aji guda idan an raba yara rukuni rukuni. 'Yan'uwanmu da ke aiki a Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa, waɗanda ba su taɓa gajiya da taimakon masallatai ba, za su iya sa wannan cikin sadakarsu. Idan kuma aka yarda 'yan aji biyu da aji uku su riƙa ɗinka rigunan makaranta na ƙannensu a kan farashi mai sauƙi, kuɗin zare da mai da allura zai riƙa fitowa daga aikin kansa.

Wanda yake ganin duk wannan ba na gaggawa ba ne, ya tuna abin da idonmu ya gani. A watan Yuli na 2022 rikicin jihar Nil Azrak ya raba dubban mutanenmu da gidajensu a yankin Rusairis da Damazin. A Disamba 2023 yaƙi ya shigo Jazira, Wad Madani da Rufa'a suka shiga ciki, a Oktoba 2024 kuma ƙauyukan gabashin Jazira suka ga tashin hankalin da ya sa jama'a gudu zuwa Gadarif da Kasala da sauran wurare. A can inda aka sauka, ma'aikaci ya rasa ofishinsa, manomi ya rasa hawasharsa, ɗalibi ya zauna fiye da shekara ba makaranta ba jarrabawa. Amma matar da ta iya ɗinki, ko da an wawashe kekenta, da ta sami aron wani ko ma allura da zare kawai, ba ta kwana da yunwa kamar sauran ba, domin ɗan gudun hijira ma yana buƙatar a gyara masa rigar da aka ba shi. Takardar shaida tana da ranarta, ba mu raina ta ba, sai dai takan jira zaman lafiya kafin ta ciyar da mai ita.

Saboda haka muna kira ga iyaye maza da mata, idan an kira taron majalisar iyaye a je, a kuma tayar da wannan magana a gaban shugaban makaranta. Muna kira ga malamanmu 'yan asalin ƙauyukan nan su jagoranci abin, ga matasanmu maza kuma su ajiye girman kai su zauna gaban dattawa tun suna raye. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, mun kuwa daɗe muna noma auduga muna sa abin da wasu suka ɗinka. Duk ƙauyen da ya gwada wannan shiri, muna roƙo ya rubuto mana yadda ta kaya, da abin da ya yi sauƙi da abin da ya gagara, don sauran su ƙaru.

Allah ya dawwamar mana da zaman lafiya, ya yi wa zuriyarmu albarka. Sai mun sadu a wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.