A duba kafin a sayi allon gem

Malam Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin matasanmu na Gusau, Tsafe da Bungudu masu buɗe gidajen gem, domin ana yi musu sakiyar da ba ruwa wajen sayen allon kwamfuta.

Mai shago zai nuna maka allo mai faɗin gaske, samfurin 21:9, ya ce ƙwallo a kansa sai wanda ya gani. Alhali PlayStation 4 da 5 hoton 16:9 suke fitarwa: ko dai gefe biyu su yi baƙi, ko 'yan wasa su fito a baje. Haka zancen allo mai 144Hz. PS4 ba ta wuce 60, ƙarin kuɗin asara ne.

Allo mai inci 24 da 1080p ya wadatar. Ba ya cin wuta, ƙaramar sola ma ta ɗauke shi, mun kuwa san halin wuta a nan. A tabbatar yana da ramin HDMI, don tsofaffin tokumbo da yawa VGA kaɗai gare su, VGA kuma ba ya ɗaukar sauti.

Masu aikawa Kano a sayo musu, ku sa a kunna allon a gwada kafin a ɗora a mota.

Naku,
Wani mai karatu, Tsafe