Jarrabawar Ƙwarewa a Fannin Farfaɗo da Gaɓɓai: Gurbin da Harshen Hausa Ya Kamata Ya Cike

Tsohon asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Tudun Wadar Zariya ya horar da likitoci na tsawon shekaru kafin a mayar da mafi yawan sassansa Shika a 2005. Likitan da ya kammala digirin farko, ya kuma nemi zama ƙwararre a irin wannan asibiti, sai ya bi ta hannun Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa da aka kafa a 1979, ko kwalejojin likitoci na Afirka ta Yamma. Matakai uku ne a gabansa: jarrabawar share fage, sai kashi na ɗaya, sai kashi na biyu wanda ya haɗa da kundin bincike. Duk wannan yana yin sa ne a tsakanin kwanan asibiti da duba marasa lafiya da ɗawainiyar iyali.

A Amurka, fannin farfaɗo da gaɓɓai ya sami hukumar jarrabawa tasa tun 1947. A arewacin Nijeriya kuwa aikin ya rarrabu ne tsakanin likitocin ƙashi da na jijiyoyi da masu gashin ƙashi, waɗanda hukumar da ke kula da sana'arsu ta samu ta dokar soja mai lamba 38 ta 1988. Buƙatar aikin ba ɓoyayya ba ce. An ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agustan 2020, amma waɗanda cutar ta riga ta naƙasa suna nan a Zariya da Kano da Katsina. Ga masu shanyewar ɓarin jiki, ga waɗanda hatsarin babur ya karya.

Shawarwarin da ake bai wa mai shirin jarrabawa sanannu ne: ya tsara lokaci, ya shiga rukunin bita da abokansa, ya warware tsofaffin tambayoyi, ya sami isasshen barci. Duk daidai ne. Sai dai akwai wani nauyi da ba a cika ambato ba, wato nauyin harshe. Littattafan da yake karantawa da Ingilishi suke, mai jarraba shi da Ingilishi zai yi masa tambaya, amma majinyacin da ya koyi aiki a kansa da Hausa yake bayyana ciwonsa.

A duba kalmar "jijiya". Bahaushe yana kiran hanyar jini jijiya, yana kiran mai kai saƙon ji da motsi jijiya, yana kuma kiran igiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi jijiya. A fannin farfaɗo da gaɓɓai waɗannan abubuwa uku ne mabambanta, kuma maganin kowanne daban. Haka "sanyi": yana iya nufin ciwon gaɓɓai, yana iya nufin cutar al'aura. "Jikina ya mutu" na iya zama gajiya kawai, na iya zama raunin tsoka na gaske. Tsakanin zogi da raɗaɗi da suka da tsami akwai bambancin da ke iya nuna wa likita ko daga ƙashi ciwon ya taso ko daga jijiyar ji. Likitan da bai tantance waɗannan ba zai ɗauki tarihin ciwo gurguje, kuma a sashen jarrabawa da ake gwada shi a gaban majinyaci, tarihin ciwo shi ne tushen duk abin da zai faɗa daga baya.

Ana iya cewa wannan ba hurumin masana Hausa ba ne, tunda likitoci da dama Hausawa ne, kuma da aiki ake gogewa. Gaskiya ne ana gogewa, amma kowa da kansa yake ƙirƙiro fassararsa a bakin gadon majinyaci, ba tare da wani ma'auni ba. Sannan asibitin koyarwa na tarayya ne, yana karɓar likitoci daga duk sassan ƙasar, wasunsu Hausar kasuwa kaɗai suka iya. Su kan dogara ne ga ɗan'uwan majinyaci ya yi tafinta, shi kuwa yakan sassauta magana saboda kunya, musamman idan ta shafi riƙe fitsari ko kwanciyar aure bayan raunin laka.

An riga an ɗora harsashi. Masu bincike a fannin gashin ƙashi sun fassara ma'aunin Oswestry na naƙasar ciwon baya zuwa Hausa, sun kuma gwada ingancinsa. Abin da ya rage shi ne masana harshe su shigo ciki sosai. Sashen Harsuna da Al'adun Afirka na Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, suna da ƙwarewar tattara kalmomi daga bakin masu su. Ɗaliban digiri na biyu za su iya naɗar yadda majinyata da masu ɗori da wanzamai ke siffanta ciwo, bayan samun izinin kwamitin ɗa'a, a tantance ma'anonin tare da likitoci, a fitar da ƙaramin ƙamus mai nuna bambancin karin harshen Zazzau da na Kano da na Sakkwato.

Irin wannan littafi zai rage wa mai shirin jarrabawa wahalar lalube, ya ba rukunin bita abin gwaji, ya kuma sauƙaƙa wa mai rubuta kundin kashi na biyu neman takardar tambayoyi ingantacciya da Hausa. Babbar ribar kuwa ta majinyaci ce, domin umarnin motsa jiki da bai fahimta ba, ba zai bi shi a gida ba, kuma gaɓar da aka bari ba motsi sandarewa take yi. Ya kamata sassan Hausa su ɗauki wannan a matsayin aikinsu, su fara neman zama da sashen gashin ƙashi na asibitin koyarwar da ke kusa da su.