Yawan turanci ba hujja ba ne

Jama'a, yadda muke musu a makarantar nan yana damuna, tun daga teburin mai shayi a Yelwa har zaurukan WhatsApp na 'yan digiri na biyu. Mutum zai yi minti goma yana zuba manyan kalmomi, ana ta jinjina masa. Ka ce, "To Malam, me kake nufi, kuma a ina ka samo?" sai ya ce ai masana sun tabbatar. Waɗanne masanan? Shiru kake ji.

Ni a wurina gane bambancin ba wuya. Mai hujja yana bar maka ƙofar da za ka bi ka ƙaryata shi: ga abin da na ce, ga dalilina, je ka duba. Mai soki-burutsu kuwa duk inda ka riƙe shi sai ya zille. Ana maganar kuɗin rajista ya koma Amurka, daga Amurka ya dawo kan garin da ka fito.

Kuma fa garin nan ya san musu na gaske. A shekarun 1940, Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda jami'armu ke amsa sunansa, suna halartar wani zauren tattaunawa a nan Bauchi tare da Turawan mulki da manyan En'e. Malam Aminu, lokacin yana koyarwa a Midil, ya jefa 'yar gajeriyar tambaya: da me ake auna albashin sarki? Ba zagi, ba kumfar baki. Tambaya ce da za a iya ɗauko lissafi a duba amsarta. Ba a jima ba aka rufe zauren. Da shirme ya yi, ai dariya za a yi masa kowa ya kama gabansa.

Shi ya sa nake ɗari-ɗari da masu saurin cewa "shirme". Sau nawa ɗan aji biyu zai yi tambaya mai ma'ana a taron ɗalibai, mu manya mu ce yaro ya zauna, don kawai turancinsa na tangal-tangal? Wallahi wani lokacin amsar ce ba mu da ita. In shirme ne, nuna mana inda maganar ta karye: a alƙaluman ne, ko a yadda ya ɗora wannan kan wancan?

Masu shirin kare kundi a zangon nan, ku ma haka mai jarrabawa daga waje zai yi muku. Zai bar ku ku gama turancin tsaf, sannan ya ce ku buɗe babi na huɗu.